Gudumar Tsuneo

Duk Shigaraki, garin maginan tukwane, babu wanda bai san Tsuneo ba. Tun yana saurayi yake gina tanuki da yumɓu, siffar wata dabba mai ƙaton tumbi da malafa da ake ajiyewa a ƙofar shago. Ni maƙwabcinsa ne, tare muke zuba itace a tanderunsa, don haka na san halinsa kamar yunwar cikina. Mutumin kirki ne, amma ba ya son a yabi hannun kowa a gabansa.

Matarsa Fumie ce ke kwaɓa masa yumɓu. Da 'yarsu Sayuri ta yi aure, gida ya yi shiru, sai Fumie ta fara murɗa ragowar yumɓun tana fitar da wasu siffofi, ba tulu ba, ba dabba ba. Tsuneo ya yi ta dariya. Ya ba ta bakin wutar tanderu ta ajiye su, inda toka ke lalata fuskar tanuki.

Tokar ta narke a jikin siffofinta, ta zubo kore shar. Wata mai gidan baje koli daga Kyoto ta zo, ta ratsa tanukinsa ko kallo babu, ta durƙusa gaban aikin Fumie. Daga ranar shinkafa ta daina yi wa Tsuneo daɗi. Ni ma, gaskiya, abin ya tsaya mini a wuya.

A wurinmu, ran buɗe tanderu mai tanderu ne ke riƙe guduma. Abin da bai yi masa ba, ya fasa ya watsa a tarin tsingaro, ba mai cewa uffan. Fumie ta shafe damina tana gina wata babbar siffa da za a kai Kyoto, kuma sai ta bi ta gaban gudumar mijinta.

Ran buɗewa muka fito da siffar da ɗuminta. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba, kamar ruwa ya taso ya daskare. Tsuneo ya zagaye ta, jijiyar wuyansa ta tashi.

Na ce, "Kai Tsuneo, ka ji kunya, ajiye gudumar nan."

Ya ce, "Rufe mini baki, tanderunka ne?"

Ya ɗaga gudumar. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke.

"Ta tsira," ya ce wa Fumie. "Ɗauki kayanki."

Fumie ba ta ɗauka ba. Ta sunkuya tana duban gindin siffar, ta shafa kafaɗarta, ta ƙwanƙwasa ta saurara.

"Baban Sayuri, ara mini gudumar."

"Ki yi me da ita?"

"Kafaɗar ta yi nauyi. Ba haka na gan ta a raina ba."

Bugu ɗaya ta yi mata. Ta share tsingaron, ta tafi ɗora ruwan shayi.

Tsuneo ya zauna daɓas a kan itace. Na zaci zai ji sanyi a ransa, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauki wani gutsure kore yana juyawa.

Ya ce, "Ka gani ko? Abin da ita ta raina ta fasa, ni tun da nake ban taɓa gina kamarsa ba."

Har yau gutsuren yana aljihun rigar aikinsa.