Tatsuniyar da Hajja Ta Bari a Buɗe

Wutar da muke zagayewa a gidanmu na unguwar Kurayyat ba don sanyi ake hura ta ba. Wane sanyi a Jidda, garin da ko iska ta kaɗa sai ta zo da gumi? Wutar suyar gyaɗa ce. Kakarmu, wadda kowa ke kira Hajja, ita ce mai ita. Da an idar da magariba sai ta hau saman bene da kasko da yashi da gawayi, ta soya gyaɗar da za ta kai bakin makarantar yara da safe. Mu jikoki sai mu bi ta wai za mu taya aiki, alhali kowa hannunsa yana raɓe da tire. Tana motsa yashi tana ba mu tatsuniya, in ta kama hannun wani cikin gyaɗa ta ɗana masa ludayi ba tare da ta katse maganarta ba.

Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa ta Sudan, suka yi hajji, suka zauna. Hausarta tsohuwa ce, mu da aka haifa a nan rabi muke tsinta, sauran mu cike da kallon fuskarta. Ba ta da tsanani, amma akwai doka ɗaya da ba ta wasa da ita: duk tatsuniyar da aka buɗe sai an rufe ta. Ko barci ya sace yaro sai ta girgiza shi ya ji ta ce, "Ƙurunƙus, halas, na ɗaure bakinta," sannan ta bar shi ya koma. Takan ce labarin da aka bari a buɗe ba ya kwana inda aka ajiye shi, sauka yake ya shiga lungu yana neman wanda zai ƙarasa a kansa. Muna dariya, amma ba wanda ke son sauka bene shi kaɗai bayan ta faɗi haka.

Yayana Hamza shi ne jikanta na fari, don haka shi ne mijinta na wasa. Ba ta kiran sunansa, sai "maigida". Ta ce ya bar ta da yunwa ba cefane, ya ce ya sake ta ya auri mai haƙora, mu yi ta shewa. Yaro ne mai kunya, mai tafiya a gefen bango. Dole ma ya yi hakan, don mu ƙanana muna kan iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, shi kuwa shekarunsa sun wuce, kuma ba a samo masa kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa, ba. Mutumin da ba shi da takarda a Jidda darasi ɗaya yake koya tun yana ƙarami: kada a gan ka. In ka hango motar askarawa ka sauya hanya, in an zage ka ka haɗiye, in faɗa ya tashi ka zama na farkon ɓacewa. Kowa a gidan ya san duk ranar da aka kama Hamza, jirgi za a sa shi zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba.

A haka kaset ɗin ya shigo unguwarmu. Lokacin babu silima a ƙasar, sai bidiyo. Wani mai aiki a tashar jiragen ruwa ne ya samo shi a hannun ma'aikatan jirgi, aka yi ta kwafa daga wannan gida zuwa wancan har hoton ya dusashe, fuskokin mutane suka koma kore. Fim ne na 'yan daba na wata ƙasa, da Turancin da ba wanda ke ji a cikin samarinmu, sai kowa ya ƙirƙiro wa 'yan wasan maganar da ta yi masa. Labarin wani baƙo ne da ya sauka a babban birni ba shi da ko sisi, ana hantarar sa, har ya zama wanda birnin ke rawar jiki in an ambace shi. Duk sanda ya kashe mutum ba ya gudu. Tsayawa yake, ya zaro farin hankici, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Samari suka raɗa masa suna Abu Mandil, wato mai hankici.

Kafin a yi wata guda babu farin ƙyalle mai zaman lafiya a Kurayyat. Haramin da alhazai suka bari, wanda iyayenmu mata ke adanawa, duk aka yayyanka shi. Yaran da ba su iya fyace majina ba ma suna yawo da hankici a aljihun gaba. Da farko abin dariya ne. Daga baya aka fara ganin samari suna tafiya a tsakiyar titi, mota ta yi ta ƙaho su ƙi matsawa, ana kuma samun kyanwoyi a mace a bayan masallaci. Ni ma na leƙa fim ɗin ta tagar maƙwabta, na ga jini na gudu, amma ban manta fuskokin masu kallon ba. Ba wanda ke ƙifta ido, kuma Yaya Hamza yana gaba, bakinsa yana motsi tare da na mutumin.

Yanzu da na girma na gane abin da ya ja shi, kuma ba na ganin wautarsa kamar da. Yaron da aka raina a kan sunkuyar da kai ya ga baƙo irinsa yana shiga ɗaki kowa ya miƙe. Ba kisan ne ya burge shi ba, miƙewar ce. Ya daina bin gefen bango, ya daina amsa wasan Hajja, ya fara kallon mutane cikin ido har sai sun kau da kai.

Wani maraice ya hau bene, sai Hajja ta ce maigida ya ba ta labarin wannan kishiya da ta ƙwace mata shi. Ya zauna ya zayyana mata tun daga farko, da Hausa da Larabci a cakuɗe, har ya kai inda Abu Mandil ya tsaya a saman dogon gini da farin kwat, fitilun birni a ƙarƙashinsa. Nan ya tsaya. Ta ce sai kuma me? Ya ce shi ke nan, daga nan sai allo ya cika da yayyafi, zaren kaset ɗin ya ƙare. Ashe wanda ya fara kwafar a gajeren kaset ya kwafa, duk na unguwar kuma daga nasa aka ɗauka. Ba wanda ya taɓa ganin ƙarshen, ba kuma wanda ya damu.

"To ai ya ci nasara, ya Sitti," in ji shi, wato kaka da Larabci. "Esh kuma, me ake nema?"

Hajja ta daina motsa yashi. Na tuna ƙaurin gyaɗar da ta ƙone, abin da ban taɓa ji a hannunta ba. Ta ce, "Hamza, wato labari kuka buɗe a gari, kuka bar shi." Ranar ce na fara jin sunansa a bakinta.

Washegari ta aika a kira shi, ta ce yau tatsuniyar tasa ce. Ya zo ya jingina da tankin ruwa, bai zauna ba. Hajja ta buɗe tatsuniyar, ta ce ga ta nan tafe, mu matsa mata wuri, muka ce ta zo ta zauna.

Wai an yi wani saurayi a wani gari wanda ba a ganin sa. In ya yi sallama a kasuwa ba a amsawa, in ana rabon tuwo a tsallake shi. Baƙin ciki ya kai shi bayan gari, wurin wata tsohuwa mai ɗinki a gindin tsamiya. Ya tarar tana ɗinka wata baƙar riga, ta ce masa rigar kwarjini ce, duk wanda ya sa ta ko sarki ya gan shi sai ya sauka daga doki. Ya ce ta ba shi. Ta ce ya dakata ta ƙarasa, ta cire allura, ta kuma faɗa masa yadda masu irin rigar suke ƙarewa. Shi kuwa ba ya son jin wannan, sai ya fizge rigar ya zura a guje, allura tana reto a gefenta.

Ya shiga gari, kasuwa ta dare masa. Mahauta suka miƙo tsoka, 'yan mata suka durƙusa. Da ya kwanta sai ya ji ɗan tsini a haƙarƙari, ya ce sauro ne. Ashe allurar ce ta ci gaba da aikinta, don ɗinkin da ba a gama ba sai ya gama kansa. Kullum dare ta yi ɗinki ɗaya, tana haɗa riga da fata. Hajja ta rage murya a nan, tana soka tsinke a yashi tana zarowa, ba ta kallon kowa. Ta ce a hankali karnukan gidansu suka daina yi masa wutsiya, ƙannensa suka koma kwana a maƙwabta. Ran nan ya shiga gaida uwarsa, tana ɗaga kai ta gan shi sai ta saki ƙwarya ta ruga ɗaki ta sa sakata. Ya tsaya a tsakar gida ya kama wuyan riga zai cire, sai ya ga jini a yatsunsa.

Daidai nan aka yi fito a lungu, irin fiton da abokansa ke yi. Hamza ya ɗago daga jikin tanki. Hajja ta ce ya tsaya, saura kaɗan. Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Ajiye mini, uwargida, yanzu zan dawo." Muna jin takunsa har ƙasa. Muka ce ta ƙarasa mana, ta ce a'a, mai ita ya ce a ajiye masa.

Bai dawo ba. A unguwar Mahjar wani saurayi ya yi wa hankicinsa dariya a bakin shago, magana ta yi tsawo, Hamza ya soke shi da wuƙa. Allah ya sa bai mutu ba, amma hannunsa na dama bai sake moruwa ba har yau, kuma ba abin da ya yi da ya kai haka. Abokan duk suka watse. Waɗanda suka gani sun ce da Hamza ya gudu da ba a same shi ba, don lungunan ya san su kamar ɗakin uwarsa. Amma yaron da aka koya wa gudu tun yana rarrafe sai ya tsaya a ƙarƙashin fitila, ya zaro farin ƙyalle, yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. A haka askarawa suka iske shi.

Ya yi shekarunsa a kurkuku, daga can aka wuce da shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka sa shi jirgin Kano. Hajja ta ci gaba da hawa bene tana suya, mu ma muna binta, amma tatsuniya ta ƙare a gidanmu. In ƙananan sun matsa mata sai ta ce ba a buɗe wata alhali wata tana buɗe. Wani lokaci in an yi fito a lungu sai ludayin ya tsaya a hannunta. Na yi fushi da ita a lokacin, na ga ta hana mu abinmu saboda wanda ya tafi. Ta rasu bai fi shekara da tafiyarsa Kano ba.

Bara na ga ɗana Ammar da wata riga mai hoton mutum da farin kwat, nan take na gane Abu Mandil ne. Ya nuna mini a wayarsa: guntayen fim ɗin ne, an sa musu kiɗa, kowanne bai kai a sha ruwa ba. Ya ce duk duniya an san shi, ko a unguwar Sharafiyya shagunan aski sun manna hotonsa. Na kalli guntayen duka. Shiga ɗaki ne, da miƙewar mutane, da hankici. Na tambaye shi yadda ya ƙare, ya ɗaga kafaɗa, ya ce wallahi bai taɓa kallon sa duka ba, ya yi tsawo. Mu a zamaninmu zare ne ya gaza, su kuwa da gangan ake yanko musu, kuma inda zarenmu ya tsaya, nan su ma ake tsayar musu.

Na sa ya nemo cikakken, na kulle ƙofa, na ce ba mai tashi. Bayan dogon ginin nan ashe akwai saura da yawa. Matarsa ta gudu, ya fara zargin kowa, yaransa suka sayar da shi. A ƙarshe an bi shi a wani wurin ajiye motoci, yana gudu da takalmi ƙafa ɗaya, ya faɗi, yana kuka yana roƙo a bar shi. Masu binsa suka harbe shi suka tafi suna hira, ba wanda ya waiga. Ban san ko abin ya shigi Ammar ba, ni dai na tsare shi har allo ya yi baƙi, kuma iyakar abin da Hajja take yi mana ke nan sanda take girgiza mu daga barci. A da na ɗauka camfi ne. Ita dai ta san yaro yana ɗaukar farkon labari da kansa, ƙarshen ne sai an riƙe shi ya ji.

Na kira Yaya Hamza. Yana Kano har yanzu, yana sayar da shawarma a bakin titi, furfura ta cika masa gemu, yara suna kwaikwayon Hausarsa. Na faɗa masa yadda Abu Mandil ya ƙare, da takalmin, da roƙon. Ina jin ƙahon motoci a bayansa. Sannan ya ce wannan bai dame shi ba, shi ya riga ya ga nasa. Ya ce akwai dai abin da ya daɗe yana son tambayata, tun yana kurkuku yake juya shi.

"Mai rigar nan na Hajja," in ji shi, "ya samu ya cire ta?"

Na ce ban sani ba, Yaya.

"Ba kina wurin ba? Yaya ta ƙarasa muku?"

"Ba ta ƙarasa ba," na ce. "Kai ka ce ta ajiye maka."