Jiƙon Kawu da Allurar Barci

A shekarun da darajar kuɗinmu na sefa ta karye, maganin kanti ya fi ƙarfinmu a unguwarmu ta Briqueterie, sai kawuna mai tsire ya koma shan jiƙon saiwoyi. Ranar da za a yi masa aikin ƙaba, likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani.

"Ko ƙwaya ɗaya," in ji Kawu.

Aka yi masa allurar barci, aka gama aiki, Kawu ya ƙi farkawa. Hankalinmu ya tashi. Matarsa ta fito da kwalbar jiƙon, likita ya sansana, ya ce jiƙon ne ya ƙara wa allurar ƙarfi.

Sai la'asar Kawu ya buɗe ido. Da likita ya fara faɗa, sai Kawu ya ce, "Dokta, magani ka tambaya. Wannan ai shayina ne."