Inna Kaltume da Hannuwan da Suka Fito a Talabijin

Kafin ladan ya sauke kiran assalatu, Inna Kaltume ta riga ta ɗaura zane. Makullan ɗakunan kwana na kwalejin horon malamai mata suna ɗaure a haɓar zanenta, kuma ƙararsu ce agogon ɗalibai. In an ji su daga nesa, mai barci ta tashi, mai ƙaryar ciwon ciki ta gyara kwanciya ta ƙara nishi. Inna kan taɓa goshin yarinya da bayan hannu, ta ce, "Ke tashi, lafiyarki lau," ko kuwa, "Ke kwanta, ina zuwa da kunu." Daga nan sai madafa, ta ɗanɗana koko, ta yi wa masu dafuwa faɗa kan tsakuwa a wake. Da hantsi tana bakin famfo tana raba rigima, da la'asar tana ɗinke rigar wadda uwarta ke nesa. Haka take tun kwalejin ba ta da katanga, ga shi ƙarshen zangon nan za ta ajiye makullan.

Ni ba maroƙi ba ne, kuma ba na cikin masu rawar kai da kowane sabon abu. Tun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan, na ga mutane sun sayi firji da besfa sun manta gaisuwa. Ana yabon ɗan kwangila, ana yabon mai kaki, amma matar da ta riƙe 'ya'yan mutane amana ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce mata sannu. Saboda haka zan faɗi abu guda da ta yi, wanda shaidunsa suna raye a Sakkwato.

A lokacin da talabijin ke sabo a garin nan, gidan talabijin ya nemi makarantu su shirya waƙa mai hoto, a ɗauka a nuna. Malam Hadi, mai koyar da Hausa a kwalejin, saurayi ne mai himma. Ya tara 'yan ajin ƙarshe, suka zaɓi waƙar daka, irin wadda mata kan yi a bakin turmi. Ya zana shirin a allo, gida-gida: nan rana ta fito bisa rumbu, nan 'yan mata sun shigo da ƙorai, nan kyamara ta matso kusa da fuskar mai bayar da waƙa. Mai bayarwar kuwa Jamilatu ce, 'yar Alhaji Lawali mai hatsi na Ƙofar Marke, don duk ajin ba mai muryarta.

Sai dai yaran rabin waƙar suka sani. Dole a je wurin tsofaffi a tambayo: wa ke farawa, wa ke amshi, a wane irin daka ake yin ta. Malam Hadi namiji ne, iyakarsa zaure. Shugabar makaranta ta ce ba yarinyar da za ta fita sai da Inna. Ba aikinta ba ne, ba kuma wanda ya yi mata alkawarin komai. Ta yafa mayafi ta shiga gaba.

A ƙauyen Dundaye suka sami tsohuwa Zainaba, wadda aka ce ta fi kowa riƙe waƙar. Ta dube su sama da ƙasa.

"Waɗanga su kunka kawo min? Ke mai farin takalmi, kama taɓarya in gani." Yarinyar ta kama. "La ila! Awa alƙalami ta riƙe ta. Kaltume, mi kuke ba su a makarantar, karatu ko lalaci?"

"Duka biyu, Iya," in ji Inna. "Shi ya sa munka zo gare ki."

Aka yi dariya, aka zuba gero. Ranar suka gane waƙar ba ta zama sai da hatsi a turmi, don numfashin mai waƙa da saukar taɓarya tare suke tafiya. Suka yi ta komawa, Malam Hadi na zaure da rikoda, Inna na shiga da ita ciki tana fitowa da ita, har hannuwan yaran suka yi kanta, lugude ya fara daidaita.

Ana cikin haka maganar ta isa kasuwa. Wani maƙwabcin rumfar Alhaji Lawali, Garba, mutum mai son raha da mutuncin wani, ya ɗaga murya gaban jama'a.

"Alhaji, ashe gidanka an yi zabiya? Yaushe za a nuna, mu zo mu yi liƙi?"

Alhaji ya miƙe, ya ce a gaban kowa yau ɗiyarsa ta gama makaranta. Jarrabawar ƙarshe kuwa 'yan watanni suka rage.

Tambari maigadi shi ya ga zuwansa, kuma shi ya ba ni wannan. Alhaji ya tsaya bakin ƙofa ko injin babur bai kashe ba, ya ce a kira Jamilatu ta haɗa kayanta. Tambari bai kira Jamilatu ba, Inna ya kira. Ta fito da tabarma da kwanon ruwa, ta shimfiɗa a inuwar darbejiya.

"Alhaji, sha ruwa tukuna."

"Ba shan ruwa ya kawo ni ba. Na ba ku ɗiyata ta zama malama, kun mai da ta abin kallon 'yan tasha. Wa anka tambaya? Ni, ko uwatta?"

"Ba a tambaye ka ba, Alhaji. Gaskiyarka ce. An tambayi shugaba, an tambayi gidan talabijin, an tambayi tsofaffin Dundaye, anka manta da masu ɗiya. Har da ni cikin mantuwar."

Ya zo da shirin faɗa, bai sami abokin yi ba. Ya kashe babur. Inna ta roƙe shi ya bar yarinyar zuwa Juma'a. In ba ta zo masa da maganar da ta gamshe shi ba, ita da kanta za ta ɗauko akwatin yarinyar a ka ta kai Ƙofar Marke.

"Juma'a," in ji shi. "Daga nan ban ƙara."

Jamilatu ta zube a ɗakin Inna tana kuka, tana cewa a cire ta daga waƙar kawai. Inna ta san cirewa ba za ta isa ba. Mutumin ya riga ya furta a tsakiyar kasuwa. Abin da yake bukata shi ne hanyar da zai janye ba tare da Garba ya sami abin dariya ba. Kuma a garin nan, namijin da zai iya juya wa malami da shugaba baya, akwai ɗaki guda da ba ya ɗaga murya a cikinsa.

Ta nufi unguwar Minanata, gidan mahaifiyar Alhaji, Hajiya Kulu. Zuwan farko goro ta kai, ta gaishe ta, ta tambayi ciwon gwiwa, ta tashi ba ta taɓo maganar ba. A tsakani ta bi gidajen sauran yaran ɗaya bayan ɗaya, da ƙafa, cikin ranar Sakkwato, tana yin sallamar da ya kamata a yi tun farko. Wasu suka yarda, wasu suka ƙi, waɗanda suka ƙi ta cire 'ya'yansu ba musu. Zuwa na biyu ta koma Minanata da rikodar Malam Hadi ƙunshe a zane. Ta faɗi abin da ya faru ba ragi, ta danna.

Muryar Jamilatu ta cika ɗakin:

"Taɓarya tashi, turmi zauna,
Geron gidanmu ba ya kwana."

Hajiya ta saurara tana kaɗa yatsa a gwiwa. Can ta ɓata rai.

"Muryar ta yi. Amma wa ke dakan nan? Wagga raguwar jikar tawa? Wanga ai shafa turmi ne. Haka za a nuna wa duniya matan Sakkwato na daka?"

"Shi ne munka rasa mai gyara muna, Hajiya."

"Ni za ni in gyara. Amma ki ji: fuskata ba ta shiga wanga akwati, ta jikata ma haka." Ta juya ga wata 'yar gidan. "A kira min wancan mai hatsin." Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Da Alhaji ya iso, Inna ta ɗauki takalmanta ta fita tsakar gida, ta tsaya nesa da ƙofa. Ba ta yarda ta zama shaidar uwa na yi wa babban mutum magana ba. Har yau ba wanda ya san abin da aka faɗa a ɗakin. Ya fito fuska a ɗaure.

"Hajiya ta yi magana, na ji. Amma in na ga fuskar ɗiyata a talabijin, ko gefen kuncinta ne, ranar ta bar makaranta. Ba mai roƙona."

"Na ɗauka, Alhaji."

Malam Hadi da ya ji sharaɗin sai ya dafa kai. "Inna, hoto ba fuska?" Ya daɗe yana kallon allon da ya sha wahalar zanawa. Sannan, a yaba masa, ya ɗauki tsumma ya goge duka, ya sake zane daga farko: gero na zuba daga ƙwarya, taɓare na tashi suna sauka, tafi tsakanin jifa da cafewa, dusa na tashi daga faifai. Daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba ƙari.

Ranar ɗauka, da hantsi a Dundaye, Hajiya Kulu ta cire mayafi ta ɗaura ɗamara, ta shiga tsakanin jikarta da wata yarinya. Inna kuwa ta kafe a kafaɗar Mode, mai kyamarar gidan talabijin.

"Ƙasa, ɗan nan. Ƙasa."

"Inna, ko ke za ki riƙe kyamarar?"

"In ka ɗaga ta ta wuce wuya, riƙewa zan yi."

Ma'aikatan talabijin suka tafi da abin da suka ɗauka, su yanka su haɗa a can, inda Inna ba ta da iko. Ta ce min kwanakin nan abinci bai yi mata daɗi ba. Ta tuna sau ɗaya Jamilatu ta sunkuya gyara turmi, kuma ba ta tabbatar ko kyamara na aiki a lokacin ba.

Ranar nunawa ba ta zauna kallo da ɗalibai ba. Bayan magariba ta tafi Ƙofar Marke, inda ake fito da talabijin ƙofar gidan mai unguwa maza su taru. Ta raɓe a zauren maƙwabta tare da matan da ke leƙe. Ba akwatin take kallo ba, bayan Alhaji Lawali take kallo, yana zaune a gefen benci kamar an dasa shi.

Gero ya zuba. Taɓare suka tashi. Muryar ta fito, tas. Hannuwa ne kawai, na 'yan mata masu lalle, a tsakiyarsu wani tsohon hannu mai jijiyoyi da awarwaron azurfa da ya lanƙwashe, yana jefa taɓarya sama, ya tafa, ya cafe, bai kuskure ba. Wurin sunkuyawar ya zo, Inna ta runtse ido. Da ta buɗe, faifai ne a akwatin. Mode ya yanke.

Waƙar ta ƙare. Garba ya gyara murya.

"To Alhaji, wacce ce zabiyar taka? Mu ba mu ga kowa ba."

Alhaji ya miƙe a hankali. "Kun ga hannun nan mai awarwaro? Na Hajiya ne. Da shi anka daka furar da na girma da ita. Mai sauran magana ya yi ta yanzu, ina tsaye."

Ba wanda ya yi tari. A cikin zaure Inna ta zauna a ƙasa tana ta hamdala, matan na tambayarta ko lafiya. Washegari Tambari ya tarar da buhun gero a ƙofar kwaleji, da saƙon baki: a ba yaran su ƙara koyon daka, Hajiya ta ce har yanzu da saura.

Jamilatu ta zauna jarrabawa ta ci. Yau tana koyarwa a firamare a Dundaye, kuma cikin ajinta akwai jikokin Zainaba.

Ra'ayina kan talabijin bai sauya ba. Amma na ga yadda ake shigo da sabon abu gidan mutane ba a karya ƙofa ba. Inna Kaltume, ke ce kika nuna. Ke ce kika amsa laifin da ba naki ke kaɗai ba, don yarinya ta tsira da karatunta. Ke ce kika fita tsakar gida don kada uba ya ji kunya. Sunanki bai fito a akwatin ba, ko hannunki bai fito ba, alhali ba don ke ba da babu waƙar, babu malamar. Uwar 'ya'yan mutane, mai makulli a haɓar zane, mun gode. Allah Ya ba ki hutu da lafiya, Ya sa naki su sami mai tsaya musu yadda kika tsaya wa na wasu.

Ku kuma masu sababbin shirye-shirye, malamai da ma'aikata da ke zana wa 'ya'yan talakawa abubuwa a allo, ku zana, ba wanda ya hana ku. Amma kafin ku kunna na'ura, ku taka da ƙafarku zuwa gidan masu ɗiya ku yi sallama. Da can in kun manta, akwai mai bin bayanku cikin rana tana gyarawa. Ƙarshen zangon nan za ta kwance makullan.