Kunkurun Sarjan Yosefu

Mijin yayata ne, saboda haka ina da ikon in faɗi duk abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Sunansa Yosefu, amma daga Tama har Madawa ba mai kiransa haka sai yayata Matta, ita ma sai ranar da ya ɓata mata rai. Kowa Sarjan yake ce masa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu ya mutu tun yana soja, shi ya sa in yana yi maka magana sai ka rantse da wani can ƙetaren kasuwa yake. Ni kuwa Lois ce, ungozomar ƙauyen Tudun Jima da ke bayan Tama. Ni na jawo shi cikin aikin da zan ba ku labari, ban kuma yi nadama ba.

A unguwar ma'aikatan asibitin mishan anka haife shi. Lakwal, wato makaranta, ba ta riƙe shi ba, ƙarfe ne ya riƙe shi. Da ya shiga soja anka tura shi garaji, can ya yi furfura ƙarƙashin motoci. Shekarar da ya fi tunawa ita ce wadda anka kai su wata ƙasa aikin kiyaye zaman lafiya, anka haɗa shi da makanikan wata runduna masu motocin sulke. Ba masu taya ba, masu sarƙa irin ƙafar katafila, waɗanda ke ɗaukar sojoji cikinsu su kai su har bakin daga. Wayyo, tun da Sarjan ya aje kaki ba mu huta da zancen motocin nan ba! Ana cin tuwo ne, an fito sujada ne, gidan biki ne, sai ya jawo tsinke ya fara zane a ƙasa.

"Ke Lois, dubi nan. Inji gaba yake, in an harbo shi ya fara tarewa. Ƙofa baya take, ƙasa-ƙasa, mutum ya hita ba tare da ya nuna kai ba. Sarƙa kuwa raba nauyi take, inda taya ta nutse ita sai ta wuce. Kuma ƙafa guda ce, kanu ne daban-daban. Wagga ta ɗauki soja, wagga ta ɗauki masu rauni, wagga ta jawo 'yar'uwarta in ta mutu."

"To Sarjan," in ce masa, "wacce ce mai ɗebo ma yayata ruwa?"

Ko murmushi ba ya yi. Sai ya ci gaba da bayanin yadda ake gyara su: a ƙara sulke, sulke ya yi nauyi a ƙara ƙarfin inji, inji ya yi ƙarfi a sake sarƙa. A wurin Sarjan gyara ƙari ne, bai san wani gyara ba.

Abu guda ne ba ya zanawa a ƙasa, wannan daga bakin Matta na ji shi. Yana da aboki, Mahdi, direban soja. Wata rana anka buɗe ma ayarinsu wuta a hanya. Waɗanda ke cikin motocin sulke duk sunka fito ta ƙofar baya da ƙafafunsu. Mahdi yana cikin buɗaɗɗiyar mota, wadda Sarjan ya gyara da hannunsa da safen nan, bai fito ba. Tun ranar Sarjan ya yi ma Ubangiji alkawari ba zai ƙara ɗaukar ran mutum cikin abin da ba shi da kariya ba.

To, Tudun Jima ƙorama ce ta raba shi da hanyar mota. In an yi ruwa mai ƙarfi, ruwan kansa yakan janye kafin la'asar, amma laka yake bari wadda ke haɗiye amalanke har da jakin. Sai a yi kwana da kwanaki ba shiga ba fita. A damanar da nake magana ina da Cima, mace mai haƙuri, wadda ta yi naƙuda sau biyu a bakin ƙoramar nan, sau biyu tana binne jariri. Lokotoro, wato likita, ya faɗa da bakinsa, wanga ciki na uku sai an yi mata aiki, in ba haka ba har ita ma ba tabbas. Mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba. Na roƙe ta ta tafi asibiti ta zauna tun kafin ruwa ya sauka.

"Madam, wa zan bar ma gona? Wa zan bar ma uwar mijina, ga ta ba idanu?"

Sai na hau kabu-kabu na tafi Madawa na tsaya a kan Sarjan.

"Kai mai zane a ƙasa, shekara da shekaru kana cika muna kunne da sarƙa. Ga laka can tana cin ɗiyan mutane. In maganarka gaskiya ce, tashi in gani."

Ya tashi kuwa. Akwai wata 'yar ƙaramar katafila da masu aikin hanya sunka yasar bayan garinmu tun da daɗewa, awaki na kwana ƙarƙashinta. Maigari ya ce a ɗauka. Sarjan ya cire mata wuƙar gaba, ya tada injin, ya yi mata ɗaki a baya mai gadon marar lafiya da wurin zamana, ƙofa ƙasa-ƙasa yadda ya daɗe yana faɗi. Sa'an nan ya samo farantan ƙarfe masu kauri na wani tsohon tankin ruwa, ya yi waldarsu gefe da gefe har sama, ya bar 'yan tagogi kamar idon kaza. Yara na ganinta sunka sa mata Kunkuru. Na ce, "Sarjan, haihuwa za mu ko yaƙi?" Ya ce in ba ni da abin faɗi in miƙo masa guduma.

Wuri guda ne kaɗai bakin ƙoramar ke da sauƙin gangara, kuma ba a kai gare shi sai an ratsa gonar Baba Ahmadu. Tsoho ne dogo marar yawan magana. Gonarsa a gangare take, da jerin duwatsu da muke kira gandari, masu tare ruwa kada ya kwashe ƙasa. Sarjan ya gaya ma maigari, ya ɗauka ya gama. Ruwan fari na sauka ya tada Kunkuru ya bi ta gonar. Laka kam ya ƙetare ta kamar yana wasa, muna ta guɗa. Amma ya watsa gandarin, ya bar ramuka biyu dogaye tun daga tudu har bakin ƙorama. Ruwa na biyu ya bi ramukan nan ya fara yanka gonar.

Baba Ahmadu ya same mu gindin iccen bedi. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Sarjan, ka san wa ya jera duwatsun ga? Uwata Hajo. Bisa kanta ta ɗauko su ɗai-ɗai daga dutsi, lokacin da anka yi aikin raya ƙasa, har gashin tsakar kanta ya ƙare. Kakanninmu kuwa noma sunka yi, masu raƙuma su ratsa hatsi su wuce, ba mai ɗaga kai. Gonar ga ita ce abin farko da munka kira namu. Ba wani mai ƙarfi da zai ƙara ratsa ta."

Sarjan ya cire hula ya ba shi haƙuri, ya kwashe kwanaki yana cike ramukan da hannunsa. Ni kuma na bi tsohon gida na gaya masa zancen Cima ba ɓoye-ɓoye. Sai ya ce:

"Madam, ni ba azzalumi ba ne. Jakina na ratsa gonar ga, ba ya barin abin da ruwa zai bi. In sawun abinku bai fi na jakina zurfi ba, ya wuce."

Sarjan ya ce wannan abu ne mai sauƙi. Ya tafi kasuwar Madawa wurin masu yankan takalmin taya, sunka yanka masa tsofaffin tayoyin kamiyo, manyan motocin kaya, gunduwa-gunduwa, ya ɗaure su a sarƙar ta ƙara faɗi. Anka jiƙa ƙasa a gefen gona, jaki ya taka, Kunkuru ya taka. Baba Ahmadu ya sa yatsa cikin sawun jaki, ya sa cikin na Kunkuru, hannunsa ya shige har wuya. Ya share hannun a riga ya tafi abinsa.

Ga Cima ciki ya sauka, ƙafafu sun kumbura, ga hadari kullum yana haɗuwa a gabas. Sarjan kuma, ranar da sunka zo kwana gidana shi da Matta, ya zauna yana zane a ƙasa, wai zai ƙara ma sarƙar tsawo. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai.

"Ƙari, ƙari, kullum ƙari! Sarjan, yanke ƙarafan nan."

"Ba ni yankewa."

"Don mi?"

"Kin sani."

"Na sani, shi ya sa nake faɗi. Wa ke harbin Cima? Abin da zai kashe ta cikinta yake, ba bayan dutsi ba. Sulken ga ba Cima yake tsare ba, kai yake tsare. Alkawarin da ka yi na ceton rai ne ko na ɗaukar ƙarfe?"

Na yi zaton zai zage ni, don ya iya. Sai ya juyo mini da mataccen kunnen, ya tashi ya shige ɗaki. Matta ta ce na wuce wuri, na ce na ji, amma ban janye ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin tuwo, wannan ma gaskiya ce.

Da safe ƙarar injin yankan ƙarfe ta tashe mu. Shi kaɗai ya yi aikin, bai yarda kowa ya taɓa ba. Faranti bayan faranti yana faɗuwa ƙasa, tim, tim. Ya kafa siraran bututu, ya rufa zana a sama, ya ɗaura wata a gefe don kunyar mata. Ƙofar baya kaɗai ya bari yadda take. Yara sunka taru suna dariya wai an tuɓe Kunkuru. Ni kaina na ce masa yanzu ya fi kama da rumfar mai shayi.

Anka sake jiƙa ƙasa. Jaki ya taka, Kunkuru ya taka. Baba Ahmadu ya durƙusa ya sa yatsa nan, ya sa can, ya koma ya sake gwadawa, don tsohon ba ya gaggawa ko gidansa ke cin wuta. Ya miƙe.

"Jakina ya hi shi nauyin ƙafa."

"Gandarin fa, Baba?" in ji Sarjan. "Ko na lallaɓa sai na taɓa duwatsun Inna Hajo."

Tsohon ya dubi tarin farantan da anka yanke. "Ƙarafan ga kana da aiki da su?"

Washegari munka tarar ya ja biyu da jakinsa, ya jingina su kamar gada bisa gandarin, ɗaya ta tudu ɗaya ta gangare, ya cusa ƙasa ƙarƙashinsu ya daddanne. Gandarin Hajo na nan a tsakiya, ko tsakuwa ba ta motsa ba.

Naƙudar ta zo cikin watan Uta, wato Agusta, ranar da anka yi ruwa tun asuba kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi 'yar maƙwabta ta zo tana kira. Ina duba Cima na san ba aikin hannuna ba ne. Na buga ma asibitin mishan waya su turo mota bakin hanya, na aika ma Sarjan, don tun farkon wata ya tare a ƙauyenmu yana kwana kusa da Kunkuru. Sai bayan azahar ruwan ƙorama ya janye. Munka shigar da Cima ta ƙofar baya, ba ɗagawa ba wahala, a nan kam na yarda zanen ƙasa ya yi rana.

Ina zaune ina riƙe da ita, ina hangen Sarjan ta tsakanin zana. Yana riƙe da sandunan tuƙi. Iska na kaɗa shi ta ko'ina, yana waige dama da hagu kamar mai jiran wani abu daga bayan duwatsu. Ba komai sai hatsi kore shar. Baba Ahmadu na tsaye bakin gandari da hauyarsa, yana nuna masa inda zai sa ƙafa. Munka hau ƙarfe munka sauka. Munka gangara cikin laka, injin ya yi gurnani, Cima ta damƙe hannuna tana kiran sunan Allah, ni ma ina kira ta tawa hanya. Kunkuru bai ko tsaya ba. Ya taka lakar nan ya haye, ga motar asibiti can tana jira.

Sarjan ya bar Kunkuru bakin hanya ya shiga motar tare da mu, ba wanda ya gayyace shi. Anka wuce da Cima ɗakin aiki, anka bar ni na shiga. Shi ya zauna waje gindin icce, a unguwar da anka haife shi, laka har gwiwa.

Da na fito rana ta yi sanyi. Ya miƙe tsaye cak, hannuwa a gefe, kamar gaban hafsa.

"Lois. Kowa ya hito?"

"Kowa ya hito, Sarjan. Har da wadda ba ka ga shigarta ba. Ɗiya mace ce, kuma ta hi ka murya."

Ta gefen dama nake tsaye, gefen kunnensa mai ji, na san sarai ya ji ni. Amma ya matso da kunnen, hawaye na bin furfurar gemunsa, ya ce in sake faɗi. Na sake faɗa masa.