Ranar da Bukar ya ƙi zama ruwa

Ɗazu a tashar Azare wani ƙato ya rungume ni. Ashe Bukar ne, ɗalibina na shekarun dubu biyu da 'yan kai.

Lokacin za mu gasar langa a Katagum, hedimasta ya dage sai Bukar ya zama ruwa, wato wanda zai ratsa abokan karawa ya kai gida. Wai girmansa kaɗai zai tsorata su.

Bukar ya ce, "Malam, a ba Sale. Ni a ƙafa ɗaya buhun gero ne. Bari in tare masa hanya."

Aka ba Sale, wani ɗalibina ɗan firit. Ya yi ta zille wa ƙarti, muka dawo da kofi.

Kowa Sale ya ɗaga sama. Ni kuwa har gobe da Bukar nake taƙama. Ku fa, wa za ku ɗaga?