Akwatin Auduga da Tukunyar Wanka

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, a ƙarshen damina, mai ɗakina ta haihu da cikin wata bakwai. 'Yan makaranta na wucewa ta gaban rumfata da ƙananan tutoci a hannu lokacin da aka aiko a kira ni. Ni baduku ne a Ƙofar Marke. Rubutun boko sai da furfura ta fara fito mini na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa sai yanzu nake rubuta wannan.

Namiji ne, ɗanmu na fari bayan dogon jira. Tsawonsa bai fi takalmin babban mutum ba. Fatarsa ja ce, siririya, ana hangen jijiyoyi ta ciki. Ungozomar da ta yanke cibi ta ce jikinsa ba ya riƙe ɗumi, mu kai shi asibiti. Muka kai shi tare da uwarsa.

A can akwai wani ɗaki na irinsu. Wata nas, mace mai saurin hannu, ta sa shi a akwatin katako da aka shimfiɗa wa auduga, ta jera kwalaben ruwan zafi naɗe da tsumma a gefensa. Maza ba sa shiga, ta taga nake leƙensa. Ba shi da ƙarfin tsotso, sai dai uwarsa ta tatsa, a ɗiga masa da ɗan cokali. Nas ta ce mini, "Malam, maganinsa biyu ne, ɗumi da nonon uwa mai ɗumi. Ɗumin namu ne. Nonon kuma ka bar mana uwarsa a nan."

Na ce to.

Washegari surukata ta iso daga Unguwar Rogo. Ta leƙa jikan, ta yi masa addu'a, sannan ta tambayi inda za ta kafa tukunya. A wurinmu mai jego sai ta yi wankan tafasasshen ruwa da ganyen tsamiya safe da yamma har ta yi arba'in, in ba haka ba an ce sanyi zai shige ta, ta kumbura. Nas ta ce ba a hura wuta a asibiti, amma za ta ba da bokitin ruwan ɗumi. Tsohuwa ta tsoma yatsa a bokitin, ta yarfe.

"Wanga ruwan alwala ne, ba na wanka ba," in ji ta. "Yayarta haka anka yi wasa da nata wankan, ƙafa ta kumbura, munka binne ta. Ɗiya guda ta rage min. Ba ni barin ta nan."

"Inna, jaririn fa?" in ji nas.

"Bakwaini shina rayuwa in Allah ya so. Mai jegon da sanyi ya shiga ba ta tashi."

Ina durƙushe a bakin baranda ina jin su. Suruki ba ya ja da suruka, don haka na aika yayata ta roƙe ta. Ta roƙa har ta yi kuka, ba ta ci nasara ba. Na koma wurin nas na ce ko a bayan katanga ne a bari a kafa murhu, ni zan kawo itace. Ta ce ta tambayi na sama da ita, an ce doka ce. Ina kallon butar da suke dafa ruwan kwalabe tana tururi a kan risho a kusurwar ɗakin. Wuta ce ita ma, amma ta hukuma.

Aka tafi da mai ɗakina Unguwar Rogo.

Daga nan aikina ya zama kai nono. Sai an gama wankan safe, ta sha kunun kanwa, sannan za ta tatsa a ɗan kwano mai murfi a miƙo mini ta zaure. In rufe da tsumma in kama hanya da ƙafa, a hankali, don kada ya zube. Abokan sana'ata har sun samu abin tsokana. Wani ya ce, "Sannu da talla, Bafillatana! Nawa ne ludayi?" Na ce, "Ya fi ƙarfin aljihunka." Muka yi dariya, na wuce.

Zafin da ke biyo bayan damina a Sakkwato mai gumi ne. Sau da yawa kafin in isa nonon ya juya. Nas takan buɗe, ta sunsuna, ta girgiza kai, ta zubar a magudana ina tsaye. Ranar da aka yi sa'a kuma, cokali kaɗan ne, domin nonon da ba a tsotsa janyewa yake yi. Suka koma haɗa masa madarar gwangwani. Cikinsa ya ƙi ta, ya fara zawo.

Ranar suna an yanka rago a gidana, liman ya yi addu'a, an raba goro. Mai sunan yana cikin auduga a wani gefen gari, uwarsa a wani gefen. Ni na je taga na faɗa masa sunansa ta tsakanin ƙarafa.

Duk lokacin da na je karɓar kwano, mai ɗakina takan tsaya a bayan zana ta yi magana ƙasa-ƙasa, don kunyar ɗan fari ba ta bari ta tambaya a gaban mutane. "Ya buɗe ido? Wa ya ɗauko?" Nakan ce ya buɗe. Wata safiya ta ce, "Maigida, ka gaya min gaskiya, yana sha?" Na gaya mata inda nonon yake ƙarewa.

Ta ja mayafi ta fito, jikinta na tururin wanka. Uwarta ta tare ƙofa tana salati, mai ɗakina ta ratsa ta gefenta ta wuce. Muka taka har asibiti, tana tsayawa tana dafa bango.

Nas ta ɗauko shi ta ɗora mata a cinya. Ta tatsa, aka ɗiga masa yana da ɗumi, yadda aka so tun farko. Ya gangaro ta gefen bakinsa. Aka sake, ya sake gangarowa. Ƙarfin haɗiya ya riga ya ƙare. Ta riƙe shi har la'asar, a hannunta ya cika.

Na ɗauke shi a naɗe da farin ƙyalle, bai fi nauyin kwanon ba. Mai ɗakina ta koma ta ƙarasa wankanta, ba ta kumbura ba. Surukata ta riƙa gaya wa mata cewa ita ta ceci 'yarta. A asibiti kuma aka sa wani jariri a akwatin. Kowa ya tsaya a kan nasa, babu wanda ya taɓa cewa a yi haƙuri.

Mun rasa yaron. Mun rasa haihuwa, don ba ta sake samun ciki ba. Mai ɗakina ta rasa uwarta tun tana da rai, gaisuwa kawai ta rage a tsakaninsu har tsohuwar ta rasu. Ni kuma na rasa hanya ɗaya a cikin garin da aka haife ni, wadda ta tashi daga Unguwar Rogo zuwa asibiti. Har yau zagayawa nake yi.