Faifan Shinkafa Ya Buɗe Mini Baki

A littattafan soyayyar da na tashi ina karantawa, yarinya mai kunya ba ta wahala. Sunkuyar da kai kawai take yi, sai duniya ta biyo ta da mota. Na ɗauka haka abin yake, har na fara aiki a Badariya wurin wata Hajiya mai sana'ar gumi, wato turara shinkafa a shanya kafin a kai inji.

Aikin na so shi. Ina juya shinkafar fadamar Zauro a rana, ina saƙa labarai a raina. Magana ce ba na iyawa. In aka taru da safe, sauran mata na ta zuba, ni kuwa ina bayan buhuna.

Wata rana Hajiya ta aike ni Argungu da samfuri, wurin wata mai abinci da Hajiya ke son ta riƙa saye a wurinmu. A mota na shirya jawabi mai daɗi. Da na isa matar ta ɗago ta kafe ni da ido, ta ce, "To, mi ya bambanta taku da ta kowa?" Sai komai ya gudu. Na ce, "Shinkafa ce." Ta ce, "Ai na gani, ban ce dawa ba ce." Yaran shagonta suka fashe da dariya.

Na dawo na yanke shawarar barin aikin, tunda wanda ba ya da baki nauyi ne kawai. Washegari na je yin sallama. Kafin in fara, Hajiya ta miƙo mini faifai.

"Zamna nan, ɗiyata, ki kama mini tsinta."

Ta zauna gefena, ba gabana ba. Idonta na kan tsakuwa, nawa ma haka. Can ta ce, "Wagga shinkafa, in da a littattafan nan naku ce, ya za a ce da ita?"

Ban san lokacin da na fara ba. Na ce doguwa ce, siririya, ta sha ruwan fadama ta yi wanka da rana, in ta nuna ba ta manne wa kowa saboda aji. Hajiya ta yi dariya har faifanta ya karkace.

"Ja'ira, ashe bakin na nan. Ido ne ba ki so. To wa ya ce dole sai an kalli mutum ake ciniki?"

Ta mayar da ni Argungu ranar kasuwa, ta ce in tafi da faifaina. Na gaida matar, na roƙi tabarma, na zauna gefenta na zuba shinkafar ina tsinta. Ina kallon hannuna na ba ta labarin doguwar nan mai aji.

"Ke ce ta rannan kuwa?" in ji ta. Ta ɗebi kaɗan ta ɗora a wuta don ta gani ko da gaske ba ta mannewa. Ba ta manne ba.

Har yau mu ke kai mata. Ni kuma har yau ba na magana a taron safe. In Hajiya na son jin ra'ayina, sai ta aiko a ce in zo, akwai tsinta.